Kwali Mai Huji Biyu

A shekarar da na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, babu ɗan littafin soyayya da ya shigo shagon haya na bakin kasuwar Daura da bai kwana a ƙarƙashin matashina ba. A cikinsu, da zarar saurayi ya dubi budurwa sai wani abu ya tsarga mata tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Na yi ta jiran nawa. Samari sun zo, sun zauna a soronmu, sun yi hirar ƙwallo da ta siyasa, sun tafi. Ban ji komai ba.

Wanda ya zo daga baya mai gyaran babur ne. A Kano ya koyi sana'ar, a can kuma ya shiga wata ƙungiyar masu wasan faɗa irin na 'yan Caina. Da ya dawo gida sai ya tara matasa yana koya musu a filin wata firamare da ke hanyar Islamiyyarmu, suna kiransa Masta. Wata Asabar da safe na wuce na gan su ta saman katanga. Sun yi layi a gabansa, ya lumshe ido, ya ja numfashi, ya ɗaga tafin hannu ya tura iska. Bai taɓa kowa ba, amma sai suka zube ta baya, ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya har na makara.

Bayan 'yan makonni babur ɗin yayana ya lalace, shi ya gyara, ya kawo har ƙofar gida. Ni na karɓi makullin. Daga nan ya fara zuwa zance, Alhamis da Lahadi bayan la'asar.

A gidanmu zance yana da tsari. Saurayi yana kan dakali, ni ina kan tabarma, ƙofar cikin gida a buɗe, Inna tana kai da kawo a tsakar gida tana gyaran murya ba tare da dalili ba. Ko ruwa na kawo, ajiyewa nake yi a ƙasa ya ɗauka da kansa. Hannu ba ya haɗuwa da hannu, kuma ni ban taɓa tunanin ya kamata ya haɗu ba.

Wata rana na tambaye shi yadda yake kayar da yaran nan. Ya ce ba tsafi ba ne, babu laya babu rubutu. Wani ƙarfi ne da Allah ya ajiye a jikin kowane mutum, 'yan Caina suna kiransa ci, yana taruwa a ƙasan cibiya, wanda ya iya numfashi kuwa yana iya turo shi ta tafin hannu.

"Miƙo hannunki, ranki ya daɗe," in ji shi. "Wallahi ba zan taɓa ki ba."

Na leƙa tsakar gida, na miƙa. Ya ɗora tafinsa a sama da nawa, da tazarar taƙi guda a tsakani. Farcensa duk baƙin mai. Da farko shiru. Can sai na ji ɗumi ya sauka a tsakiyar tafina, ya bi yatsuna yana yar-yar, ya hau har gwiwar hannu. Na janye da sauri.

"Kin ji?"

Na rufe fuska da mayafi.

"Tun da nake ban ga wanda yake karɓa da sauri kamarki ba," in ji shi. "Jikinki a buɗe yake."

A ranar na yanke cewa abin da nake jira ya zo. Duk zuwansa sai mun yi, ko na ɗan lokaci ne. Ba mu karya dokar kowa ba, amma ni a wurina ya riƙe hannuna. Idan ya tafi, da hagu nake ɗaukar tsintsiya, don kada abin ya goge daga dama.

Magabatansa suka zo neman aure. Baba ya karɓe su da mutunci, ya ce a ba shi lokaci, sannan ya ɗora binciken a kan yayana, wanda malamin kimiyya ne a wata sakandare. Yaya ya yi yawonsa ya dawo. Ya ce yaron yana salla, ba ya shan komai, maƙwabta sun yabe shi. Abu guda ne. Yana shirin sayar da kayan gyaransa ya kama shago ya riƙa yi wa mutane magani da hannu, masu ciwon baya da ciwon kai da hawan jini.

"Ni ba zan ba da ƙanwata ga wanda zai bar sana'a ya kama tura iska ba," in ji Yaya. Muna tsakar gida, Inna tana tsince shinkafa. "Kuma ranar da wata tsohuwa ta bar shan maganinta saboda shi, a ƙofar gidan nan za a taru."

"Yaya, ni fa na ji da jikina."

"Na yarda kin ji. Abin da nake tambaya, daga wurinsa yake zuwa, ko daga wurinki?"

"To yaran da suke faɗuwa fa?"

"Yaransa ne. Na je na tsaya na kalla. Kowannensu sai ya saci kallon bayansa kafin ya faɗi. Akwai dutse a filin nan, ban ga wanda ya faɗa kansa ba. Ke in Baba ya ɗaga miki hannu a gaban jama'a, kowa ya zube, za ki tsaya ƙiƙam ki kunyata shi?"

Inna ta yi dariya ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kai dai ba ka da dama."

"Inna, har a kan Ibon nan mai shagon kayan babur, inda Mastan yake sayayya, ya gwada. Mutumin ya harɗe hannu ya tsaya, da ya gaji ya ce masa ya yi sauri, akwai mai jiransa. Da na tambayi Mastan sai ya ce wai jikin mutumin a rufe yake, don bai yarda ba. Wutar lantarki kuwa ba ta tambayar mutum ko ya yarda da ita."

Na tashi na shige ɗaki. A littattafan da na sani, kullum akwai wani ɗan'uwa mai taurin zuciya da yake shiga tsakani, kuma kullum daga baya yana zuwa ya nemi gafara. Na ba Yaya wannan matsayin, har na tausaya masa.

Shi da kansa ya samu Masta a garejinsa, suka yi magana ta maza. Sharaɗin da suka ƙulla mai sauƙi ne. Za a yi gwaji. Idan abin ya tabbata, Yaya zai janye, har ya taya shi neman shago. Idan bai tabbata ba, Masta zai bar maganar magani ya riƙe sana'arsa, in har yana son auren. Masta bai yi gardama ba. Shi ne ma ya zaɓi wanda za a gwada da shi, ya ce ni, tunda babu mai karɓa kamata.

Na yi murna da ya zaɓe ni. Ban lura a lokacin cewa duk abin a hannuna aka ɗora shi ba.

Ranar Asabar da hantsi aka yi, a soro. Baba ya fice tun da wuri, don ba zai zauna da surukin gobe ana irin wannan ba. Yaya ya samo ƙaton kwalin firji, ya tsayar da shi a tsakiyar tabarma, ya huda shi wuri biyu daga ƙasa. Ni zan zauna a baya in zuro hannuwana ta hujin, tafi yana kallon sama, ba na ganin komai. Ya zuba wake fari da ja a cikin hularsa. In ya zaro fari, Masta zai ɗora hannu a saman damana, in ja ne, hagu. Ni kuwa in faɗi inda na ji. Ya ajiye kwano biyu, na daidai da na kuskure, ya shimfiɗa tsumma a cikin kowanne don kada ƙarar faɗuwar wake ta gaya mini komai.

Masta ya zo cikin farar shadda, da ɗamararsa ta wasa a leda. Ya gaishe da Yaya a durƙushe, ya ɗaura ɗamarar a kan rigar.

"Yaya, in na tura kwalin nan ya kife fa?"

"Sai in haɗa maka da babur ɗina, Masta. Dama ya fi zama a wurinka."

Suka yi dariya. Yaya ya ja shi gefe ya nuna masa wani abu a tafin hannu, suka yi ƙus-ƙus, Masta ya gyaɗa kai. Ban ji abin da suka ce ba. Na zauna, na zura hannuwa. Kwalin yana warin sabon kaya. A daidai fuskata akwai zanen laima da kofi.

"To," in ji Yaya.

Ɗumin ya zo nan take, kamar kullum. "Dama," na ce.

"To."

"Hagu."

Ban yi kokwanto ko sau ɗaya ba. Kowane karo ina jinsa sarai, wani lokaci kamar an hura mini numfashi, wani lokaci kamar tururuwa tana tafiya. A bayan kwalin nan har murmushi nake yi. Ina ta shirya yadda zan ɗago ido in dube shi idan an ɗauke kwalin, da yadda Yaya zai cire tabarau ya goge.

Muryar Masta ce ta fara canzawa. Ya ce a dakata. Ya ce kwalin ne yake tare abin.

"Kwalin yana tsakaninka da fuskarta," in ji Yaya. "Tsakanin hannunka da nata babu komai, duba."

"To bari in ɗan matso."

"In ka matso, ɗumin jiki za ta ji. Ko ni na sa nawa za ta ji. Taƙi guda ka ce kana yi, a nan za mu tsaya."

Aka kawo masa ruwa ya sha. Na ji shi yana jan numfashi mai tsawo yana saki. Muka ci gaba. Ni dai ban gane abin da ya dame shi ba, tunda ina faɗa kuma ina ji. Na ɗauka tsoro yake kada in gaji.

Can sai ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, shakkarka ce take cika wurin. Mai shakka yana kashe abin."

Sai na ji Yaya ya tashi. "Ga hular, ga kwanuka. Ka zaro da kanka, ka jefa da kanka. Ni zan tsaya a bakin ƙofa in ba ku baya."

Haka aka yi. Masta yake cewa "to", ni ina amsawa. Muryarsa tana ta yin ƙasa. Babu mai kallonsa, kuma ya san auren yana cikin kwanukan nan. Daga baya na yi tunanin wannan sosai. Da ya ga dama, da duk waken ya jefa su wuri guda.

"Ya isa," in ji shi.

Yaya ya dawo ya ɗauke kwalin. Haske ya shigar mini ido. Masta yana zaune, ɗamarar ta karkace, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Bai dube ni ba. Na dubi kwanukan. Tsibin wake a wannan, tsibin wake a wancan, in ba an ƙirga ba ba za a ce ga wanda ya fi ba.

"Wanne ne na daidai?" na tambaya.

"Wannan," in ji Yaya. "Amma da kin zauna a ɗaki kina canka, abin da za ki samu ke nan. Hannu biyu ne, dole ki dace rabi."

A gefen tabarma akwai wani ɗan tsibi na gyaɗa, sabuwa, cikin wadda aka aiko mana daga Zango.

"Gyaɗar fa?"

Yaya ya dubi Masta, Masta ya dubi ƙasa. Yaya ya ce, "Na zuba ta a hular tare da waken, da saninsa. Duk sanda gyaɗa ta fito, hannunsa yana bayansa. Babu komai a saman naki."

"Me na ce a lokacin?"

Masta ne ya amsa. "Kin ce dama. Wani lokaci hagu." Ya kwance ɗamarar yana naɗe ta a hankali. "Sau ɗaya kin ce ya yi zafi da yawa, in rage."

Na tuna wannan karon. Shi ne wanda na fi ji duka.

Na jira kuka ya zo, bai zo ba. Na jira haushin Yaya, shi ma bai zo ba. Hannuwana suna kan cinyata, tafi a sama, da zanen gefen kwali a wuyansu. Wani mai tallan yalo ya wuce ta ƙofar gida yana kira. Masta ya sa ɗamarar a leda, ya yi wa Yaya godiya, ya ce in gaida Inna. Babur ɗinsa bai tashi da bugun farko ba.

Inna ba ta tambayi komai ba, ta ji duka ta bayan ƙofa. Ta kwashe waken ta haɗa da na girki. Da rana muka ci shinkafa da wake, na ci nawa har na ƙara, ban ji ɗanɗanonsa ba.

Na ɗauka ba zai dawo ba, amma ranar Alhamis sai ga shi. Ya zauna a dakali, ya matse hannuwansa tsakanin gwiwoyi. Ya ce ya tara yaransa ya gaya musu daga yau babu faɗuwa, motsa jiki da naushi da shuri kawai za a riƙa yi. Wasu sun yi fushi, sun ce an yi masa asiri ne an kwance shi. Yawancinsu sun daina zuwa. Ya fasa sayar da kayan gyara.

"Wallahi ban taɓa yi miki ƙarya ba," in ji shi. "Ni ma ina ji yana fita."

"Na sani."

"Shekarun da na yi ina tashi kafin kowa ina numfashin nan..." Bai ƙarasa ba. Ya koma maganar ɗakin da yake gyarawa a gidansu, wai kwanon rufin yana yoyo ta kusurwa ɗaya, sai an canza falle. Ya tambaye ni launin fentin da nake so. Na ce kowanne.

Na dube shi da kyau ranar, kamar ban taɓa ganinsa ba. Mutum ne matsakaici, mai ɗan tabo a haɓa, mai yawan ƙifta ido. Na san mai gaskiya ne, na gani. Na nemi abin da nake ji game da shi in ban da ɗumin nan, na yi ta lalube. Ban sami ƙi ba. Ban sami komai ba.

Washegari da rana, kowa yana barcin azahar, na zauna a bakin gado na miƙa hannu ni kaɗai, na tuna shi. Ɗumin ya zo. Na girgiza hannun, na sake miƙawa, na tuna mai kawo mana ruwa a kura, tsoho mai haƙori ɗaya a gaba. Ya zo. Na tuna akuyar maƙwabta. Ya zo, har da yar-yar ɗin. Na sauke hannun na kwanta, na kalli silin har aka kira la'asar. Littafin da na karɓo haya na mayar da shi ban buɗe ba, mai shagon ya ce akwai na biyunsa, na ce sai wani lokaci.

Yaya ya shaida wa Baba cewa shi ba shi da sauran magana. Ya ce wanda ya jefa wake a kwanon kuskure da hannunsa, babu mai kallonsa, za a iya ba shi mace. Ya same ni ina wanke-wanke, ya tsaya a kaina yana juya makullin babur a yatsa.

"Fushi kike da ni?"

"A'a, Yaya."

"Ni fa ba son da kike masa na gwada ba. Wannan ba shi da kwano."

Na ce to. Na ci gaba da cuɗa tukunya. Ban san yadda zan gaya masa cewa shaidar da nake da ita ke nan ba, kuma ita ya gwada.

Ya rage a tambaye ni. A danginmu uba ba ya tambayar 'yarsa wannan da bakinsa, sai ya aika ƙanwarsa. Gwaggo ta zo daga Zango a motar haya, da ƙullin ƙuli-ƙuli da daddawa. Bayan ta huta ta ci abinci, ta shigo ɗakina ta turo ƙofa, ta zauna kusa da ni a bakin gado har katifar ta lotsa.

"To, 'yar nan. Ubanki ya ce in ji daga bakinki. An ce ke kika kawo shi, ba wanda ya kawo miki. An ce kuma an yi wani wasan wake da gyaɗa, ni ban gane kansa ba, wannan yayan naki tun yana ƙarami haka yake, sai ya buɗe rediyo ya ga mai magana. Bar wannan. Kina son sa, a sa rana? In kuma ba kya so, faɗa mini yanzu, ni zan tare miki, babu mai yi miki dole ina raye."

Gaskiya take faɗa, na san za ta tare. Na buɗe baki. Da eh ya zo da na faɗa, da a'a ya zo shi ma da na faɗa. Na zauna ina jiran ɗaya daga ciki, idona a kan zanen gado, wani fure mai ganye shuɗi da ya koɗe. A waje Inna tana daka, taɓarya tana sauka tana tashi. Gwaggo ta leƙo fuskata ta ƙasa, ta jira, ta ƙara jira.

Sai ta tafa hannu.

"Ja'ira! Kunyata kike ji? Mu ma haka muka yi."

Ta miƙe, ta buɗe ƙofa, ta kama hanci ta rangaɗa guɗa. Dakan ya tsaya. Na ji Inna tana cewa alhamdu lillahi, na ji matan maƙwabta suna tambaya ta kan katanga, Gwaggo tana ba su amsa cewa sai bayan an gama girbin dawa. Akwai lokacin da zan iya tashi in bi ta in ce ta dakata. Ban tashi ba, domin ban san abin da zan ce bayan nan ba.

Inna ta leƙo, fuskarta duk gari, ta ce in zo in dama wa Gwaggo fura. Na gyara ɗankwali na fita.